Shawarwari Ga Mai Neman Digirin Digirgir A Tauhidi

A zaman da wasu fastoci da ɗaliban tauhidi suka yi a Jos, an daɗe kan tambaya ɗaya: kiran Allah ne ya kawo ka, ko son a ce maka Dakta? Wani dattijo ya ce a fara samun yardar uwargida da ta ikilisiya, domin shekarun bincike suna cinye kuɗin cefane da lokacin gaida marasa lafiya. Na goyi bayansa ƙwarai. An ce a iya Helenanci da Ibrananci tun kafin neman gurbi, sannan a taka zuwa TCNN (Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya) a Bukuru, JETS (makarantar tauhidi ta ikilisiyar ECWA a Jos) ko Jami'ar Jos a gana da malamin da zai duba aikin. Batun tafiya Amurka kuwa, sai tallafin karatu ya zo hannu.