"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne": har a faɗan Pokémon?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare ina zaune a shagon cajin waya ina buga Pokémon Showdown, wasan intanet da ake haɗa halittun Pokémon faɗa, kowa da nasa shida. Garchomp ɗina na fili, abokin karawa ya sako Weavile, mai dukan ƙanƙara. Kowa ya san ƙanƙara ninki huɗu take yi wa Garchomp illa, sai na janye shi na tura wani. Wani yaro da ke leƙen wayata ta kafaɗa ya ce, "Yaya, ka tsorata." Na ce masa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya ce ai dama ya san ni rago ne. Shago ya kwashe da dariya. To masana, na sa karin maganar nan a muhallinta ko kuwa?

Malam Tukur, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yaron nan ya iya baki. A rubuce rago ɗaya ne, amma a baki karin sauti ya raba ragon layya da malalaci. Na karin maganar shi ne mai ƙaho, kuma cikonta "shirin faɗa ne". Duk wanda ya taɓa tsayawa a turken raguna gab da Babbar Sallah ya gani: yana ja baya kansa a sunkuye, idonsa bai bar abokin karo ba, sannan ya taho a guje. Idan ya juya ƙeya, wannan gudu ne. Wasanku ban san shi ba, amma ga ma'aunin.

Injiniya Kongo:
Malam, a darar ces akwai irin wannan ragon sak. A buɗin da ake kira Ruy Lopez, a motsi na 9, mai baƙi yakan ɗauke dokinsa daga c6 ya mayar da shi b8, gidan da ya fito tun farko. Sunan Gyula Breyer ɗan Hungari aka ba salon, tsohon zakaran ces na duniya Boris Spassky ma ya yi ta amfani da shi. Baƙon wasa zai ce ɓata lokaci ne. Alhali dokin zai zagayo ta d7, kuma ya buɗe wa sojan da ya tare hanya. Janye Garchomp haka yake, ba a bayar da sarauniya mai maki 9 saboda jin kunyar 'yan kallo.

Maman Haidar:
Injiniya, a nan na rabu da kai. A ces gida 64 ne, komai a fili, ka yi motsi in gani in yi nawa. A Pokémon tare muke zaɓa, ban san abin da ka danna ba. Kuma janyewa ba kyauta ba ce, ta cinye maka zagayen gaba ɗaya. Idan mai Weavile ya karanta cewa za ka gudu, ba zai kai duka ba, Swords Dance zai yi ƙarfinsa ya ninka. Kai kana murna ka tsira, shi ya wasa wuƙa. Ragon Malam ba wanda ke ƙara tsawon ƙaho yayin da yake ja baya. Ga Stealth Rock, duwatsun da abokin karawa ke zuba maka a ɓangarenka, waɗanda suka zo tun wasannin Pokémon Diamond da Pearl a 2006: wanda ya shigo fili sukan yage masa ɗaya bisa takwas na ransa, ko ƙasa ko sama da haka gwargwadon nau'insa, mai wuta da fiffike kamar Charizard kuwa rabi cif. A da ma akwai Pursuit, dukan da ke ninka ƙarfi a kan mai gudu, kuma Weavile ya iya shi, sai da wasannin Sword da Shield suka fito a 2019 aka cire.

Injiniya Kongo:
Hajiya, ai a ces ma ana biyan kuɗin ja baya, motsi guda ka ba abokin gaba. Tambayar ita ce me ka saya da shi. Ni a ganina ragon gaskiya a wasanku shi ne U-turn: ka tunkuya, sannan ka koma, ka ga wa ya shigo kafin ka zaɓi naka.

Maman Haidar:
Wannan na yarda, in dai kai ne ka ga nasa kafin ka zaɓa. Amma Garchomp bai iya U-turn ba.

Malam Tukur, Tudun Wada:
Kun bar ni a baya da sunayen aljanun nan naku. Ɗan Samaru, tambaya ɗaya: da ka ja baya, ka dawo ka yi karon?

Ɗan Samaru:
Malam, da ba ka tambaya ba. Charizard na tura, na manta duwatsu na ɓangarena. Rabi ya tafi tun bai buɗe fiffike ba, Weavile ya ƙarasa shi. Na sake fito da Garchomp ɗin don ba ni da wani mai tare shi, shi ma ya bi sahu.

Malam Tukur, Tudun Wada:
To ɗana, taka karin maganar daban ce: an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maman Haidar:
A nemo mana yaron shagon cajin nan, ina da gurbi a ƙungiyarmu ta ranar Asabar.