Taƙaitawa: shawarwarin sayen mota a Katsina

To jama'a, ga abin da na tattaro daga shawarwarin da mutane suka bayar ga mai son sayen mota ta hannu:

1. Kowa ya yarda kar ka biya sai bakanikenka ya duba, ku je da sassafe injin na sanyi, ya leƙa ƙarƙashi, in hayaƙi shuɗi ne tana shan baƙin mai.
2. Takardun kwastan su dace da lambar shasi, in ba haka ba hanyar Jibiya, wajen iyakar Nijar, za ka sha wahala a hannun jami'an kwastan.
3. An rabu kan Toyota Corolla da Peugeot 406, wasu sun ce Corolla ba ta shan fetur sosai, ga shi ya yi tsada tunda aka cire tallafi a 2023, wasu sun ce 406 ta fi jure lodi. Ni dai Corolla, wallahi sayar da ita ba wuya.
4. La'adar dillali a yanke tun farko.