Zane ko sassaƙa? Neman sunan Hausa ga normal map da displacement map

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina koya wa wasu ƙannena Blender, manhajar gina siffofin abubuwa a kwamfuta, a nan Damagaram. Mun ɗauki bangon wani gida na Birni muna sake gina shi a kwamfuta, har da dagin da magini ya tayar bisa ƙofar zaure. Da muka iso ga normal map da displacement map sai Hausa ta ƙare mini, na koma Faransanci. Abin ya tsaya mini a rai.

2/ Ta farko, normal map, hoto ne da ake shimfiɗa wa bangon, dabara ce ta ruɗin ido. Bango yana nan sumul, ko ɗigo bai motsa ba. Hoton ne ke gaya wa haske inda kowane ɗigo ya fuskanta: launin ja dama da hagu, kore sama da ƙasa, shuɗi gaba. Wurin da yake shimfiɗe lambarsa ja 128, kore 128, shuɗi 255, shi ya sa hoton ke fitowa kamar rinin baba da ya koɗe. Daga gaba dagi ya tashi tsaf. Ka leƙa ta gefe, babu komai, bakin bango miƙe yake kamar zare.

3/ Ta biyu kuwa tana taɓa jikin abin. Hoto ne na fari da baƙi: fari ya turo waje, baƙi ya lotsa. Dagi zai tashi da gaske, ya yi wa kansa inuwa, a gan shi ta gefe. Amma sai an daddatsa bangon ƙanana-ƙanana, kuma a nan ne tsohuwar kwamfutata ke fara huci kamar jaki ya hau tudu. Robert Cook ya kawo ta a 1984, bayan James Blinn ya kawo kakar ta farkon, bump map, wadda ita ma ruɗin ido ce, a 1978.

4/ To, suna. Wani ƙanena ya ce “taswirar daidai”, don ya ɗauka normal ɗin na yau da kullum ne. A'a ƙanena, a lissafi kibiya ce da ke tsaye cak bisa fuskar abu. Wani ya ce “taswirar alƙibla”. Ma'ana ta zauna, sai dai kunne na jin ta zai tafi masallaci. Na fi son taswirar fuskanta, don abin da ke cikinta ke nan: ina ka fuskanta?

5/ Ta biyun ta fi ba mu dariya. Mai bin Faransanci ya ɗauko déplacement ya ce “taswirar ƙaura”. Wa ya yi ƙaura, bangon? Aka kawo “tudu da kwari”, na so in karɓa, sai na tuna ita ma bump fari da baƙi ce, tudu da kwarin take nunawa, na ƙarya dai. Sunan ba zai raba su ba.

6/ Wani dattijo magini da muka nuna wa allon ne ya warware. Bai san Blender ba, amma ya sa na juya bangon gefe, ya ce wancan zane ne, wannan sassaƙa ce, tunda hannu zai ji ta. Baba, mun gode. Taswirar sassaƙa. Na san sassaƙa ragewa take, wannan kuwa har ƙari tana yi. Na haƙura da wannan, don yaro na jin sunan ya san jikin abu ya canza.

7/ Yanzu haka muke faɗa a aji: tsagar makuba da sawun yatsa a bar wa fuskanta, dagi da zanko a ba sassaƙa. Saura bump. Na rubuta “taswirar gargada” da fensir, ban sa biro ba tukuna. Masu koyarwa a Kano da Maradi, me kuke ce mata?