Jar rigar dogarina ta mutu bayan fenti ya bushe, ina mafita?

Mai-buroshin Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni asalina mai rubutun allon shago ne da zanen bayan tifa, shekara 11 ke nan ina cin abinci da wannan sana'a. Bara ne na ce bari in gwada fentin mai na bututu a kan kyanbas, irin wanda ake sa wa firam a rataye a falo. Na yi ƙanana guda huɗu, ba laifi. Na biyar ɗin ne ya hana ni barci.

Hoton Hawan Daushe ne, daga wanda na ɗauka da wayata a Ƙofar Kudu. Dogari a gaba da jar riga mai ratsin kore, a bayansa mahaya biyu, ɗaya da rawani ɗan Kura, ga ƙura ta turnuƙe. Tsawonsa ƙafa uku, faɗi ƙafa biyu. Ranar da na gama, har maƙwabcina mai walda ya ajiye aikinsa ya zo yana kallo. Bayan kwana goma sai jan nan ya koma kamar tumatirin da aka shanya a bakin titi. Duhun da ke ƙarƙashin doki ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka, wani wurin yana ƙyalli, wani wurin ya dushe. Na ƙara ja, na haɗa da fari wai don ya yi haske, sai rigar ta koma ruwan hoda. Dogarin sarki da rigar ruwan hoda, jama'a!

Ga yadda nake aiki, ko a nan matsalar take. Kyanbas ɗin farin fentin bango na shafa masa sau biyu, na gauraya da gam ɗin kafintoci. Da kananzir nake tsinka fentin saboda tarfentin ya yi tsada. Fentin kuwa irin mai guda 12 a kwali ne, mai araha.

Wani Alhaji ya riga ya ba ni kafin alƙalami, nan da wata ɗaya yake so. In sayi fenti mai tsada in sake daga farko, ko in shafa masa banish ɗin kafintoci in huta?

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Abokina kar ka wahalar da kanka. Sayi banish na fesawa ka fesa masa sau biyu, kala za ta dawo nan take. Ni haka nake yi, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Tsohon ɗalibin Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan Sabon Gari, ba su dawo maka da aiki ba tukuna dai, ka bari a shekara biyar. Fentin mai ba bushewa yake yi irin ta fentin bango ba, iska yake sha a hankali yana ƙarfi, shi ya sa sama kan bushe ciki na nan ɗanye. In ka rufe shi da banish yanzu, banish ɗin zai haɗe da fentin, ranar da ya yi ja aka zo cire shi sai ya taho da hoton. Na kafintoci kuwa don ƙofa da kujera aka yi shi, ba ya ciruwa sai da abin da zai cinye zanen. Ƙa'idar da muka taras ita ce a jira wata 6 zuwa shekara kafin banish na ƙarshe.

To ɗana mai tambaya, ciwo biyu ne a zanenka, kai kuma ka ɗauke su ɗaya.

Na farko ƙishirwa ce. Fentin bango cike yake da alli, yana shan mai kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farkon damina. Kai kuma ka zo ka tsinka fentinka da kananzir, ɗan man da ke riƙe garin launin ya ƙara raguwa. Sai kyanbas ya zuƙe sauran, garin launi ya zauna a sama tsirara. Launin ƙasa-ƙasa mai duhu shi ya fi saurin yin haka, shi ya sa ƙarƙashin dokinka ya yi toka-toka. Gwada ka gani: ɗan jiƙa yatsa da ruwa ka taɓa wurin da ya dushe. In launin ya dawo kafin ruwan ya bushe, to launinka na nan da ransa, mai ne ya gudu.

Kai da ka zana rawani ɗan Kura ai ka san wannan ba tare da ka sani ba. Je ka ga ƙyallen da aka tsamo daga karofi ya bushe, shuɗi ne kawai mai dishi-dishi. A kai shi wurin 'yan bugu su lallasa shi a kan gungume, sai ya fito baƙi wuluk yana walƙiya. Fuskar ce ta yi santsi, haske ya daina warwatsuwa, ido ya samu ya nutsa cikin launin. Abin da mai ke yi wa garin fenti ke nan.

Maganinsa: haɗa man linsid, wato man da ake kwaɓa fentin bututu da shi, da tarfentin rabi da rabi, ɗiga kaɗan a tsumman farar singileti mai tsabta, ka murza a wuraren da suka dushe waɗanda za ka sake bi ta kansu. Bayan 'yan mintoci ka sa busasshen tsumma ka goge har sai ka ga kamar ba ka shafa komai ba. Abin da ya rage ya isa. In ka bar shi da yawa zai zarto, kuma ya yi rawaya nan gaba. Tsumman nan kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu, man linsid na zafi da kansa in yana bushewa, tulin tsummansa na iya kama wuta. Shanya shi a buɗe ko ka jefa a gwangwanin ruwa. Kananzir kuma ka bar shi a wankin buroshi.

Ciwo na biyu shi ne wanda kuɗi ba ya magani, kuma shi na fi so ka ji. Ina da tabbacin a zanenka kowa na ihu: jan dogari, koren ratsinsa, shuɗin sama, kayan doki, har rigunan 'yan kallo. In kowa na ihu a kasuwa, wa za a ji? Launi ba ya haske shi kaɗai, maƙwabcinsa ke ɗaga shi ko ya danne shi. Akwai wani masanin sinadarai Bafaranshe, Chevreul, da aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a 1824. Masaƙa suka riƙa kawo ƙara cewa baƙin zaren da ake rina musu ba shi da ƙarfi. Ya bincika ya ga rinin lafiyarsa lau, shuɗi da shunayyar da ake saƙawa a gefensa ne ke sa ido ya gan shi a raunane. A 1839 ya wallafa abin da ya gano, masu zane na ƙasarsa suka yi ta amfani da shi. Matanmu sun riga shi sani a aikace, duba yadda ake zaɓar wa atamfa mayafi.

Saboda haka ka kashe abin da ke kewaye da dogarin. Ƙurar nan da ka ce ta turnuƙe kyauta ce Allah ya ba ka: ka mai da ita ruwan toka mai ɗan karkata zuwa kore, ka nutsar da mahayan baya a cikinta, ka rage ƙarfin sama. Kore shi ne kishiyar ja, ko ɗan ƙamshinsa ne a cikin toka zai sa jan ya tashi tsaye. Marigayi Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka yi ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, ka nemi hotunan aikinsa a intanet. Kusan komai shuɗi ne da shunayya, launuka kaɗan, amma ba ka iya ɗauke ido. Mu da muna ɗalibai mun ɗauka yawan bututu ne gwaninta, ni kaina sai da na yi asarar kyanbas ya fi goma kafin in yarda.

Mai zanen furanni ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Sai dai ina neman izini in ɗan saɓa muku a wuri ɗaya: kuɗi na magani kaɗan. Fentin kwali mai araha garin launinsa kaɗan ne, sauran ciko ne, kuma a ja da rawaya abin ya fi nunawa. Malam, ba sai ka sake saye duka ba. Sayi ja biyu masu kyau kawai. Ka juya bayan bututun ka karanta ƙananan lambobin. PR108 shi ne jan kadmiyam na gaske, mai rufewa ruf. In ka ga an rubuta Hue a gaban sunan, kwaikwayo ne aka haɗa da wasu launuka. Na biyun ka nemi ja mai shara-shara wanda haske ke ratsawa, irin PV19 ko PR209. Ka guji PR83, yana da kyau a ido amma yana kodewa, musamman in an shafa shi siriri, ga ranarmu kuma ba ta wasa.

Rigar ruwan hodar nan kada ka kankare ta, ka yi abin kirki bisa kuskure. Bar ta ta bushe sosai, sannan ka tsinka jan mai shara-shara da ɗan man linsid ka shafa siriri a kai, kamar ka ɗora jan gilashi a kan farar takarda. Haske zai ratsa jan, ya daki farin da ke ƙasa, ya dawo ido. Wannan jan ba ka samunsa ta gaurayawa a faranti ko za ka kwana kana yi. Da irin wannan shafi kan shafi Jan van Eyck ya yi koriyar rigar matar nan a hotonsa na 1434 da ke Landan, yau shekara kusan 600 tana nan shar.

Farin da ke kwalinka kusan tabbas PW6 ne, titaniyam. Ƙarfi gare shi, yana sanyaya duk abin da ya taɓa ya mai da shi kamar alli. In kana son wurin da rana ta daki jar riga, haɗa da ruwan goro ko ɗan rawaya, fari sai ɗigo a ƙarshe. Inuwar rigar kuma kada ka sa baƙi, ɗan kore a cikin jan ya isa ya duhunta shi bai kashe shi ba. In wani ya ce maka farin dalma ya fi, gaskiya ne ya fi ɗumi, amma guba ce. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ni da ƙananan yara a gida ban ajiye shi ba.

Sai abu ɗaya da nake yi wa kowane zane: ɗauki hotonsa da waya ka mai da shi baƙi da fari. In dogarin ya ɓace cikin abin da ke bayansa, to haskensu da duhunsu ɗaya ne, ko jan wace ƙasa ka sayo ba zai fito ba.

Mai-buroshin Fagge ya rubuta:

Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin yatsa, duhun ya dawo kamar an kunna fitila. Na yi na wayar ma, abin kunya, dogarin da dokin da ke bayansa da bangon fada duk toka iri ɗaya suka zama, da ƙyar na gane inda rigar ta ƙare. Shekara 11 ina sa kowace kala da ƙarfinta don a hango allo daga tsallaken titi, ashe nan ba haka ba ne.

Saura maganar Alhaji. In banish sai bayan wata shida, me zan kai masa nan da wata ɗaya? Kuma in rufe zanen a ɗaki ne saboda ƙura?

Tsohon ɗalibin Samaru ya rubuta:

'Yata ta yi gaskiya kan ja biyun nan, na karɓa.

Akwai banish na wucin gadi, siriri ne ƙwarai, an yi shi don zanen da ya bushe a taɓawa amma bai gama ƙarfi ba. Ka tambaya a shagon kayan zane, ba na kayan gini ba. Shafi ɗaya ya wadatar. Ka gaya wa Alhaji gaskiya cewa bayan wata shida za ka zo ka yi na ƙarshe, ka rubuta ranar da ka gama a bayan kyanbas don kada a yi musu. Na ƙarshen ma siriri, kuma irin mai ciruwa. Babban zanen Rembrandt na 1642 da ke Amsterdam, sunan masu gadin dare ya bi shi ne saboda tsohon banish da datti sun duhunta shi har mutane suka ɗauka dare ne. Da aka wanke shi bayan yaƙin duniya na biyu sai ga haske ya fito.

Kada ka kulle shi a duhu, man linsid na yin rawaya in bai ga haske ba. Ajiye shi inda hasken taga ke shiga amma rana ba ta dukansa, ka jingina shi fuskarsa na ɗan kallon ƙasa don ƙura ta wuce ta baya. Kyanbas na gaba kuma ka nemi jeso, wato farin shafin da aka yi don shirya kyanbas kafin zane, ka yi masa shafi uku. In ka gama kashe ƙurar nan ka ɗoro mana hoton baƙi da farin tukuna, kafin ka taɓa rigar.