Ciwon ɓarin kai ga mai juna biyu: wane magani za ta sha?

Maman Ilham, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ƙanwata na da ciki wata uku, kuma tun kafin aure take fama da ciwon ɓarin kai. Gefe ɗaya yake kamawa yana sara, ga tashin zuciya, ba ta son haske ko hayaniya. Da can Cafergot take sha ko ibuprofen, yanzu ta dakata saboda cikin. Me ya kamata ta sha? Yaushe ne abin ya zama na asibiti?

Mai Harhaɗa Magani, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Dakatawar da ta yi daidai ne. Cafergot kam ta fitar da shi daga ɗakinta gaba ɗaya. Akwai ergotamine a ciki, wanda ke matse jijiyoyin jini ya kuma sa mahaifa ta murɗa, don haka ba a shan sa a kowane wata na ciki, har lokacin shayarwa.

Na farko da ake farawa da shi farasitamol ne: ƙwaya biyu masu miligiram 500, sai bayan awa shida a ƙara idan da buƙata, kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Inda ake kuskure shi ne jinkiri. Idan aka bari ciwon ya kankama, tumbi yana rage aiki, maganin ya zauna bai narke da wuri ba, sai a ce bai yi ba. Ta sha da zarar ta ji alamarsa, da ruwa kofi guda, ta shiga ɗaki mai duhu ta ɗora tsumma mai sanyi a goshi ko ƙeya.

Ibuprofen da diclofenac kada ta saya da kanta. Daga mako 20 suna iya rage ruwan da jariri ke ciki, a watanni ukun ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya da ke kusa da zuciyarsa wadda sai bayan haihuwa ya kamata ta rufe. Garin Alabukun ma asfirin ne mai yawa da sinadarin kafin (caffeine) irin na shayi da goro, ya shiga wannan sahu. Wannan daban yake da ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu masu ciki don rigakafin hawan jini. Tramadol da codeine a bar su.

Idan amai ya hana maganin zama, likita na iya ba ta metoclopramide. Idan farasitamol ya gaza, akwai sumatriptan, amma da takardar likita.

Ungozoma, Daura:
Malam ya gama maganar magani. Ni abin da ya fi damuna shi ne mai tsohon ciwon kai ta saba, duk ciwon da ya zo sai ta ce na gado ne. Daga mako 20 ciwon kai na iya zama alamar hawan jinin ciki, wanda idan aka yi sakaci yake kaiwa ga jijjiga. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90, ko fuska da hannuwa sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ko gani ya dushe, ko tana jin ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ranar za a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ta taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko harɗewar magana.

Tunda kuna cikin garin Katsina, ga asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ta fara awo yanzu, kada a jira wata biyar kamar yadda aka saba. A gwada jini da fitsari, a duba maleriya da ƙarancin jini, domin su ma suna kawo ciwon kai. Ta faɗa musu idan tana ganin walƙiya ko layuka a ido kafin ciwon ya taso, a rubuta a katinta.

Albishir ɗaya: yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi daga wata na huɗu, saboda sinadarin jikin mace ya daina hawa da sauka. Bayan haihuwa yakan dawo, musamman da rashin barcin jego.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. To shayi fa? Kullum sai ta sha, ta ce yana taimaka mata.

Mai Harhaɗa Magani:
Ba a hana ba, Hajiya, amma sinadarin kafin kada ya wuce miligiram 200 a rana, wato kamar kofi biyu zuwa uku na shayi. A lissafa da goro, da lemon kola, da Panadol Extra mai sinadarin kafin miligiram 65 a kowace ƙwaya. Kada kuma ta yanke shayin rana ɗaya, yankewar kanta na tayar da ciwon; a rage a hankali.

Shi ma farasitamol, shan sa kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da nasa ciwon kan. Idan ta kusa kai nan, likita ya duba batun rigakafi, irin su propranolol ko amitriptyline kaɗan. Valproate da topiramate suna jawo wa jariri naƙasa, duk mai shan su don ciwon kai ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Ungozoma:
Ƙari kaɗan, Maman Ilham. Yunwa ce kan gaba a watannin laulayi. Kada ta wuce awa uku ba ta sa wani abu a baki ba, ko da kunun gyada ne ko dabino. Ruwa lita biyu zuwa uku, a ƙara lokacin bazara. Turaren wuta da humra a rage mata su a ɗaki, na san da wuya a gidan amarya, haka hayaƙin murhu. Ta samu ɗan littafi tana rubuta ranar ciwo, abin da ta ci, da awannin barcinta, ta riƙa zuwa da shi wurin awo.