Na sayi karabin mai harsashi ɗaya, harsashin ya zama aiki: wa ya taɓa ɗura kwanso da kansa?

Baban Walida, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa maharba. Takarduna sun fito, na kuma ɗauko bindigar da na daɗe ina tara wa kuɗi. Baikal ce MP-18, ƙirar Rasha, amma mai zane a cikin bututu, wato karabin, kalibar (girman harsashinta) .30-06. Irin wadda ake karyawa a tsakiya ce, ka zura harsashi ɗaya ka rufe. Akwai ɗan ƙarfe a bayan zoben kunama, shi ake matsawa ta buɗe, shi ne kuma yake ɗana ta. Ba ta da nauyi a kafaɗa wajen tafiya, sai dai fa tana naushi in ta tashi. Na gwada ta a kwali daga mita 100, alhamdu lillahi ramukan sun taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su.

Abin da ya dame ni harsashi ne. Na kalibar 12, wato bindigar farauta marar zane a bututu, ba ya wuyar samu, amma na wannan sai an jira ya zo daga kudu, kuma kuɗin kwali ɗaya mai guda 20 ya ishe ka tunani. Wani ɗan uwa ya ce mini a Turai mutane na tara kwanso, wato ɓawon harsashin da suka harba, su sake ɗura shi a gida. Ni kuwa ga kwansona na tagulla nan ina tarawa a gwangwani, na kasa zubarwa. Shin akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu? Ina son jin wanda ya yi da hannunsa ko ya gani da idonsa, ba ji na ji ba.

Ɗan Fitowa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri Alhaji, ya tsare. Ni 12 gare ni, amma zan zauna in ji.

Baba Sarkin Baka, wajen Foli:
Ɗana Baban Walida, Allah ya sanya albarka. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Da adaka na fara farauta, ta wurin mahaifina. A adaka kowane harbi ɗuri ne: baƙin albarushi, tsumma, dalma, a danna da sanda. To don haka da bindigar 12 ta shigo hannunmu, ba mu ga wani abin tsoro ba a sake cika kwanson robar nan ja. Kowane ƙauye da wanda ya shahara da yi. Da ido ake awo, ko da murfin kwalba, kowa da nasa.

Ga abin da na gani da idona. Wani abokin farautarmu, Allah ya jiƙansa ya rasu daga baya da ciwon ajali, ya sayi ɗurarren harsashi a hannun wani mutum ranar kasuwa. Muna bakin fadama ya harbi zabi, sai muka ji bindigar ta ce fus, ba ta ce dum ba. Hayaƙi kaɗan, zabi suka watse. Zuciya ta ɗebe shi, ya karya, ya jefa wani ya sake ɗagawa. Ashe toshiyar harsashin farko ta tsaya a tsakiyar bututu. Ƙarar da muka ji ba irin ta bindiga ba ce. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagunsa yake riƙe, ya buɗe, yatsu biyu suka tafi. Da rawanina muka ɗaure hannun har muka kai shi asibiti a kan babur.

Tun ranar dokata ga yarana ɗaya ce: in sautin harbi ya canza maka, ka karya bindiga ka leƙa bututun ta wajen haske kafin ka sa wani. Wannan ita ce falalar bindigar da ake karyawa, kana ganin cikinta tun daga gindi har baki. Sannan albarushin da ke cikin harsashin kanti ba irin baƙin nan na adaka ba ne, ƙarfinsa ya ninka. Masu farke harsashi su juye a adaka, makafin da na sani a cikinsu sun fi ɗaya.

Taka kuwa karabin ce. Abin da ke cikinta ya fi na 12 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganin wanda ya ɗura irinta a ƙasar nan ba.

Tsohon Malamin Daji, Garwa:
Baba ya gama magana ta ɓangaren jiki, bari in kawo ta ɓangaren hukuma, tunda a nan na ci abinci har na yi ritaya.

Alhaji, takardar da ke hannunka izini ce ta saye da riƙe bindigar farauta da harsashinta. Ba izinin ƙera harsashi ba ce. Dokar makamai ta ƙasar nan Kamaru, mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, ta kasa makamai gida takwas, na farauta suna gida na biyar, kuma ƙera makami ko harsashi ba da izini ba laifi ne na ɗauri. Jandarman da ya shigo gidanka ya tarar da gwangwanin albarushi da injin matsa kwanso ba zai tsaya jin labarin Turai ba. Ku tuna inda muke. Tun 2014 Arewa Mai Nisa ke fama da Boko Haram, ga masu garkuwa da mutane a wajen Mayo Rai da Tuboro. A irin wannan yanayi kowane abu mai fashewa ido ake sa masa.

Abu na biyu da mutane ke haɗawa alhali daban suke: takardar bindiga daga hukumar mulki take fitowa, permin farauta kuma, wato takardar izinin farauta, daga ma'aikatar gandun daji da namun dawa. Permin ma hawa uku ne, ƙaramar farauta, matsakaiciya da babba. Dabbobi kuma an raba su A, B, C. Na rukunin A ba a taɓa su sam. Lokacin farauta a nan arewa da rani ne, ana buɗewa wajen Disamba a rufe kafin damina ta kankama, amma kullum ka nemi sanarwar shekarar. Cikin gandun Binuwai, Faro, Buba Njida ko Waza kuwa, ko da takardu cike da jaka, shiga da bindiga kawai ya isa laifi. Tun kisan giwayen da aka yi a Buba Njida a farkon 2012 ba a wasa da wannan.

Na Liyon:
Gaisuwa ga iyayena. Ni ɗan Marwa ne, aiki ya kawo ni Faransa, kuma ina ɗura harsashina da kaina, .30-06 ɗin ma kuwa. A nan halal ne ga mai permin farauta, a kantin makamai ake sayen kayan da takarda. Zan faɗi yadda abin yake don a ga bambancinsa da wanda Baba ya ba da labari, ba don a kwaikwaya a inda doka ta hana ba.

Abu huɗu ne harsashi: kwanso, amos wato 'yar ƙwayar da ke gindi wadda allurar bindiga ke bugawa, albarushi, da kan harsashin. Kwanson kaɗai ake maimaitawa, sauran ukun sabbi ake saye. To Yaya, gwangwaninka kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma shi ne mai sauƙin.

Albarushin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai saurin ci, akwai mai jinkiri, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Wanda ake sa wa harsashin 12 mai sauri ne, in ya shiga kwanson karabin bindigar ce za ta tashi a fuskarka. Kowane kamfani yana buga littafin awo na albarushinsa, ba a tsallake shi, ba a kuma aron awon wani. Sikelina yana auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Ranar da nake ɗuri waya a kashe take, yara ba sa shigowa, gwangwani ɗaya tak ke kan tebur. In na gama zubawa sai in haska tocila a kan layin kwanson, in bi su ɗaya bayan ɗaya, don wanda aka manta ba a zuba wa ba shi ne mai barin kan harsashi a bututu.

Shi kansa kwanson yana gajiya. Kowane harbi yana ƙara masa tsawo kaɗan, sai an auna an datse. Wuyansa yana tsagewa, wani lokaci ka ga siririn zobe mai haske a kusa da gindi, wannan ya gama aiki. Kuma ka leƙa cikin naka da haske: in rami ɗaya ne a tsakiya, ana iya ɗurawa. In ƙanana biyu ne, irin da ake kira Berdan, wanda ya yi yawa a harsasan Rasha, bai cancanci wahalar ba. Wasu ma ƙarfe ne aka shafa wa launi, maganaɗisu zai gaya maka.

Wani abin da ban ji ana faɗa ba shi ne zafi. Harsashin da na gwada a sanyin nan ya yi lafiya, a Garwa cikin Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfinsa hawa yake yi. Ko na kanti ne kada a bar shi a gaban mota cikin rana.

Batun arha kuwa, gaskiya ban ga ta ba. Kuɗin injin da sikeli da sauran tarkace sai mai harbi da yawa a filin gwaji yake mayar da su. Ni don sha'awa nake yi, da kuma neman wanda bindigata ta fi so.

Manomin Lagdo:
Ku yi haƙuri manya, amma duk maganar masu hali ake yi. Mu da gwaggon biri da mugun dawa ke shiga masara da dare fa? Maƙwabcina shekara da shekaru da ɗurarren 12 yake tsaron gonarsa, yatsunsa goma cif. Talaka bai iya sayen na kanti kullum ba. Wanda bai kwana a gona ba ba zai gane ba.

Baba Sarkin Baka, wajen Foli:
Na kwana a gona tun ba a haife ka ba, ɗana, kuma na san zafin ganin masara a kwance. Abokina ma shekara da shekaru yana harba ɗurarre lafiya kafin ranar nan. Biri kuwa ƙara yake gudu, gwangwani da karnuka da wuta sun kore mana fiye da wanda dalma ta kashe.

Tsohon Malamin Daji, Garwa:
Malam na Lagdo, ɓarnar dabbobi a gona akwai hanyarta. Ka kai ƙara wurin malamin daji na yankinku da su-firefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, a rubuta. Ban ce kullum ana samun biyan buƙata da wuri ba, amma takardar tana kare ka ranar da magana ta tashi.

Maman Sadiya, Ngaundare:
Ni ba maharbiya ba ce, maigidana ne, ni ce mai gyaran naman. A 2018 da aka dakatar da sayar da bindigogin farauta da harsashi a jihohi shida, har da Adamawarmu, masu ɗuri suka yi kasuwa. Maigidan ya ƙi saya, ya rataye bindigar, aka yi ta yi masa dariya. A lokacin wata maƙwabciya ta kawo mini naman gada in taya ta gyarawa, abin da muka ciro a cinyar ba dalma ba ce, guntayen ƙusa ne da ƙwallayen keke. Wannan ai a bututu ma ɓarna yake yi balle a haƙorin yaro.

Alhaji, roƙona ɗaya. Kana da Walida da ƙannenta a gida. Bindiga a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam, makulli a jikinka. Gwangwanin kwanson ma ka ɗauke, yara na son abu mai ƙyalli, kuma ba su bambance wanda aka harba da wanda ba a harba ba.

Abba, Njamena:
Daga Chadi nake bin ku. A nan ma kame makamai a hannun farar hula ba ya ƙarewa, kuma kada wani ya yi tunanin takardar Kamaru za ta yi masa aiki in ya haye gadar Kusiri, ko tamu ta yi a wajenku. Harsashi ɗaya da aka manta a aljihun jaka ya isa ya kwanar da mutum.

Amma ni tambaya zan yi wa Alhaji: harsashi nawa kake harbawa a shekara? Kawuna karabin mai ɗaya ya riƙe har ya tsufa. Mai irin wannan bindiga ba ya harbi sai ya matso, ya samu iska a fuskarsa, ya ga kafaɗar dabba sosai, don ya san babu na biyu a kusa. 'Yan kaɗan na gwada saiti a farkon rani, sauran na daji. Kwali ɗaya yakan kai shi ƙarshen lokaci har ya yi saura. Harsashi na biyun yana maƙale shi ne tsakanin yatsun hannun hagu, ya karya, ya zare, ya zura, ba ya ko kallon bindigar.

Ɗan Fitowa:
Wannan gaskiya ne. Masu bindiga mai cin harsashi biyar su ne harsashi ba ya isarsu.

Baban Walida, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Na leƙa kwansona da tocila kamar yadda ƙanena na Liyon ya ce, rami ɗaya ne, amma maganar Malamin Daji ta ishe ni, ba zan sa kaina a abin da takardata ba ta ƙunsa ba. Na yi lissafin Abba kuma, kwali biyu za su kai ni har a rufe lokacin farauta. Zan nemi iri ɗaya, nauyi ɗaya, don kada saitin ya riƙa canza mini. Hajiya, akwatin yana wurin mai walda, gobe zan karɓo.

Saura abu ɗaya. Ƙurar hunturu tana taruwa a wurin makaryar, in na sa mai sai ta kama ta zama laka. Ku da kuka daɗe da irinta, bushewa kuke barin wurin ko akwai man da ba ya riƙe ƙura?