Tambaya kan na'urorin naɗar kukan kwaɗi a kududdufan Jos

Malama Rabi, Bukuru:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandare, kuma ina so ɗalibaina su bi diddigin kwaɗin da ke tsofaffin ramukan haƙar kuza na bayan unguwarmu, waɗanda suka daɗe da zama kududdufai. Na ji cewa ana girke ƙananan na'urori a bakin ruwa su naɗi sauti, su kuma aika da shi ba tare da an ja waya ba. Shin za su iya faɗa mana adadin kwaɗin da ke wurin?

Malam Sani, Rayfield:
Wa'alaikumus salam, Malama. Adadi kam da wuya, domin namijin kwaɗo ne ke kuka don kiran tamata, ita kuwa galibi shiru take yi, kuma idan kududdufi ya kaure da kuka muryoyin kan haɗe. Abin da za ki samu shi ne sanin nau'in da ke wurin da lokacin da yake fara kuka, tunda kowane nau'i da irin nasa kukan. Idan kika kwatanta damina da damina, za ki gane wanda ya yi shiru. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ganin cewa ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗi suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Injiniya Bala, Tudun Wada:
Ina ba ki shawarar ki jinkirta batun aikawa daga nesa. Fasahar LoRa, wadda irin waɗannan na'urori ke aika saƙo da ita ta rediyo, tana kai saƙo tsawon kilomitoci da wuta kaɗan, amma ba ta ɗaukar kaya mai nauyi, alhali sautin minti ɗaya mai inganci yakan kusan megabait 6, don haka sai na'urar ta tantance kukan da kanta sannan ta aika da taƙaitaccen sakamako. Ki fara da ƙaramar na'urar naɗar sauti mai suna AudioMoth, wadda ke aiki da batura 3 tana ajiye sauti a katin memori, ki saita ta ta naɗi minti ɗaya cikin kowane goma, daga magariba zuwa asuba, tun ruwan farko na watan Afrilu.

Hajiya Maryam, Laminga:
Ki kula da inda za ki rataye ta. Bara na ɗaure tawa kusa da rufin kwano, sai na tarar da dukan ruwan sama da ƙarar janareta sun danne rabin abin da ta naɗa. Sannan ki sanar da mai unguwa tun da wuri, domin tana naɗar hirar masu ɗiban ruwa kamar yadda take naɗar kukan kwaɗi.